Yadda Za Ka Zana Taswirar Filin Taro Da Wayarka Kafin A Kafa Rumfa Ko Ɗaya

Yau za mu ɗan ajiye batun sababbin wayoyi, mu duba wani aiki da wayar da ke hannunka za ta iya yi, wato zana taswirar filin taro.

A gari kamar Illela taro ba ya ƙarewa. Wa'azin ƙasa, maulidi, walimar saukar Alƙur'ani, biki, gangamin siyasa, wasan Sallah, ga kuma baƙi da ke tsallakowa daga Ƙonni idan taron ya yi suna. Amma yadda aka saba shirya fili kusan iri ɗaya ne. Mai rumfa ya zo ya kafa inda ya ga inuwa, mai lasifika ya zo daga baya ya tarar an tare masa wuri, mai janareta ya ajiye inda wayarsa ta tsaya. Ƙofa kuwa ba wanda ya tuna da ita sai lokacin tashi.

Kamfanonin da ke shirya manyan taruka ba sa sauke ko kujera ɗaya sai sun zana wurin a takarda, da awo da lissafi. Suna amfani da manhajoji masu tsada irin su AutoCAD da Vectorworks. Amma lissafin da ke cikin zanen bai fi ƙarfin wanda ya gama sakandare ba, kuma waya da igiyar awo sun isa a fara.

Takardu huɗu da ake zanawa

Ta farko ita ce taswirar fili. Tana nuna wurin kamar daga sama kake kallonsa: katanga, ƙofofi, dandamali, rumfuna, hanyoyi, wurin ajiye babura.

Ta biyu zanen dandamali, wanda ke nuna inda kowa zai zauna ko ya tsaya a kan dandamalin, da inda kowane makirufo yake.

Ta uku jerin layukan sauti, wato wane makirufo ne ke shiga wace lamba a jikin mikisa.

Ta huɗu zanen wuta: janareta, wayoyi, soket, da nauyin da kowane layi zai ɗauka.

Taswirar fili ita ce uwa, sauran ukun daga jikinta suke fita, don haka da ita za mu fara.

Mataki na 1: auna filin

Buɗe Google Earth a wayarka, ka nemo filin, ka taɓa alamar awo. Bi kusurwoyin filin ɗaya bayan ɗaya har ka dawo inda ka fara. Manhajar za ta ba ka tsawon kewaye da faɗin wurin a murabba'in mita. A Google Maps ma idan ka danne wuri na ɗan lokaci, za ka ga zaɓin Measure distance, wanda ke auna tazara tsakanin wurare.

Sai dai kada ka tsaya nan. Hoton tauraron ɗan'adam yakan tsufa, ta yiwu an yi gini ko an haƙa rami bayan an ɗauke shi. GPS na waya kuma, ko a fili tsirara, yakan yi kuskuren kusan mita 5. A tsawon fili wannan ba wani abu ba ne, amma a faɗin ƙofa kuskure ne babba. Saboda haka ka taka ƙafa ka je wurin da igiyar awo. Auna kowace ƙofa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Rubuta inda bishiya take, da rijiya, da kwalbati, da falwaya. Ɗaga kai ka duba wayoyin wutar lantarki da suka ratsa sama, domin ƙarfen rumfa idan ya taɓa su lokacin ɗagawa, rai ake rasawa.

Mataki na 2: zaɓi sikeli

Abin da ya raba taswira da zanen yara shi ne sikeli. Idan ka ce 1:200, kana nufin santimita 1 a takarda mita 2 ne a ƙasa. Takardar A4 tana da santimita 21 a faɗi da 29.7 a tsawo, don haka a wannan sikelin za ta ɗauki fili mai kusan mita 42 da 59. Idan filin ya fi haka, koma 1:500, inda santimita 1 ke zama mita 5, takardar ta ɗauki kusan mita 105 da 148.

Amfanin sikeli shi ne ba ya yi maka kara. Rumfa mai mita 6 a 1:200 santimita 3 ce. Idan rumfuna goma ba su shiga a takarda ba, to ba za su shiga a fili ba, kuma gara ka gano haka a ɗaki da ka gano bayan an biya kuɗin haya.

Da me za ka zana? A kwamfuta akwai LibreCAD, kyauta ce. Akwai draw.io da ke buɗewa a burauza. Wanda ba shi da kwamfuta ya samo takarda mai gidajen dara irin ta darasin lissafi, da fensir da rula, ya zana, ya ɗauki hotonta. Zanen fensir mai awo daidai ya fi zane mai launi da aka yi da ka.

A kusurwar takardar ka sa kibiya biyu: ɗaya ta arewa, ɗaya ta alƙibla. A Illela alƙibla tana kusan digiri 72 daga arewa, wato gabas mai ɗan karkata arewa. Taron da zai ratsa la'asar da magariba dole ya san inda sahu zai miƙe, da inda za a yi alwala ba tare da ruwa ya bi kan wayoyin wuta ba.

Mataki na 3: mutum nawa filin zai ɗauka?

Nan ne zuciyar aikin. Bari mu ɗauki misali: filin makaranta mai katanga, mita 60 da 40. Jimilla murabba'in mita 2,400.

Ba duka ne na jama'a ba. Cire dandamali da bayansa, a ce 200. Cire hanyoyin wucewa, 400. Cire rumfar manyan baƙi, teburin mikisa, wurin 'yan agaji da masu sayar da ruwa, 300. Saura 1,500.

Ƙa'idar da masu shirya taro suka fi bi ga mutanen da ke tsaye ita ce mutum 2 a kowane murabba'in mita. A haka kowa zai iya juyawa, ya fita idan ya so. Idan aka kai 4 an matsu. Daga 5 zuwa sama mutum ba ya iko da ƙafarsa, taron ne ke tafiya da shi, kuma a irin wannan matsin ne numfashi ke gagara ko mutum yana tsaye. Don haka 1,500 sau 2, filinmu zai ɗauki mutum 3,000 a tsaye. Idan kujeru ne, kowace tana cin rabin mita a faɗi da kusan mita ɗaya a tsawo har da wurin ƙafa, ga hanyoyi tsakanin layuka, adadin zai sauka ƙasa da haka.

Yanzu tambayar da ake mantawa: idan wani abu ya faru, minti nawa mutum 3,000 za su ɗauka su fita?

Littafin ƙa'idojin filayen wasanni na Birtaniya, wanda ake kira Green Guide, yana lissafa cewa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mutum 82 ne ke wucewa a minti ɗaya ta kowace mita ɗaya ta faɗin ƙofa. Idan filinmu ƙofa ɗaya gare shi mai mita 2, mutum 164 ke nan a minti. Raba 3,000 da 164, za ka samu fiye da minti 18. Wuta ko hadari ko firgici ba sa jiran minti 18.

Idan kana son kowa ya fita cikin minti 8, lissafin shi ne 82 sau 8, wato 656 ga kowace mita. Raba 3,000 da 656, ka samu kusan mita 4.6. A ce mita 5 na ƙofofi. Sannan masana suna ƙara sharaɗi: ka ɗauka ƙofa mafi girma ta toshe, domin ta yiwu a bakinta matsalar ta tashi. Ke nan kana buƙatar ƙofofi uku masu mita 2.5 kowace, a ɓangarori daban-daban, yadda idan ɗaya ta tafi biyu za su ɗauki nauyin.

Idan kuma ƙofar nan guda ɗaya ce ba yadda za a ƙara, to 164 sau 8 shi ne 1,312. Filin da idonka ya ce zai ɗauki 3,000, ƙofarsa ta ce 1,300, kuma maganar ƙofa ake bi. Ka tuna ma lambar 82 ta wurin da aka yi daɓe ne, ga haske. A yashi, da dare, da yara da tsofaffi da mata masu goyo, gara ka yi lissafi da 60.

Wannan ba lissafin banza ba ne. A ranar 18 ga Disamba 2024 yara 35 suka rasu a turmutsutsun wani taron yara a wata makaranta da ke Bashorun a Ibadan. A Mina, ranar 24 ga Satumba 2015, ayarin alhazai biyu suka haɗu a mahaɗar titi mai lamba 204 da mai lamba 223. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 suka rasu, ƙididdigar ƙasashen da suka rasa mutanensu ta haura 2,000, kuma jihar Sakkwato na cikin waɗanda suka yi rashi mai yawa. Allah Ya jiƙansu. Ita kanta gadar Jamrat, bayan mutum fiye da 340 sun rasu a Janairun 2006, rushe ta aka yi aka sake gina ta hawa-hawa, mashiga daban, mafita daban, kowa na tafiya fuska ɗaya. Darasin da ƙaramin fili zai ɗauka daga nan shi ne kada hanyar masu shiga ta gamu da ta masu fita. Zana kibiyoyi a taswirarka, idan ka ga biyu sun yi karo, gyara tun a takarda.

Abubuwa uku da za ka ƙara a wannan mataki. Ɓangaren mata ya samu ƙofarsa ta kansa, ba wai su ratsa cikin maza ba. Babura su samu wurinsu nesa da bakin ƙofa, domin babur ashirin sun isa su mai da ƙofar mita 3 ta koma mita 1. Sannan a bar hanya mai faɗin mita 4 daga titi har gindin dandamali, wadda mota za ta iya shiga ɗaukar mara lafiya. Idan filin yana bakin babban titin da ya taso daga Sakkwato ya nufi iyaka, kada babbar mafita ta zubar da jama'a kai tsaye kan kwalta, musamman ranar Lahadi da kasuwa ke ci, manyan motoci na kai da kawo.

Mataki na 4: rana, iska da dandamali

Yawancin tarukanmu bayan la'asar suke farawa, lokacin da rana ta karkata yamma. Idan ka kafa dandamali a yammacin fili, jama'a da kyamarar masu ɗauka za su kalli rana. Idan ka kafa a gabas, malam ko mawaƙi ne zai sha ta. Mafi sauƙi shi ne a kafa shi a arewa ko kudu, rana ta zo ta gefe.

Iska ma tana da alƙiblarta. Da hunturu daga arewa maso gabas take kaɗawa da ƙura. Da damina hadari daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa. Rumfa da allon majigi da babbar tuta duk iska na ɗaukarsu, don haka ka nuna a taswira inda turaku da igiyoyin kowace rumfa za su sauka, kada su faɗa kan hanyar wucewa su harɗe mutane.

Ranar fitar da zanen a ƙasa, dabarar magina za ta yi maka aiki: auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, idan tazarar da ke tsakanin bakinsu ta zama mita 5 cif, kusurwarka ta miƙe.

Mataki na 5: sauti

A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6. Lasifikar da ke ba da 110 a mita 1, za ta ba da 98 a mita 4, 86 a mita 16, 80 a mita 32. Shi ya sa na gaba ke toshe kunne, na baya na cewa a ƙara. Ƙara murya ba ya magance wannan, sai dai ya cutar da na gaba, domin zama na sa'o'i cikin ƙarar da ta haura 85 yana lalata ji.

Maganin shi ne a sa wasu lasifikoki a tsakiyar fili. Amma akwai tarko. Sauti a iska yana tafiyar kusan mita 350 a daƙiƙa a irin zafinmu, saƙon cikin waya kuwa nan take yake isa. Wanda ke kusa da lasifikar da ke mita 30 zai ji kalma daga gare ta, sannan ya sake jinta daga ta gaba, magana ta zama biyu-biyu. Ana gyara wannan da jinkirta lasifikar baya da kusan milisakan 3 ga kowace mita, wato kusan 85 a mita 30. Mikisa na zamani irin Behringer X32 yana da wurin sa wannan jinkiri, har da wayarka za ka iya sarrafa shi. Amma sai ka san tazarar, kuma taswira ce za ta ba ka.

Ka'ida ɗaya kuma: manyan lasifikoki su kasance gaba da layin makirufo, suna kallon jama'a. Idan makirufo ya shiga gabansu, sautin ya koma cikinsa, wannan ƙugin mai huda kunne ke tashi.

Jerin layukan sauti kuwa ɗan tebur ne kawai. Na wa'azi zai iya zama haka:

1. Malam
2. Alaramma mai jan baƙi
3. Mai gabatarwa
4. Makirufo mara waya na tambayoyi
5. Kwamfuta

Sai layin fita guda zuwa wayar da ke watsa taron kai tsaye a Facebook, domin sautin da ya fito daga mikisa ya fi wanda waya ta tsinta daga iska tsabta. Manna lamba a jikin kowace waya, kai da gindi, yadda idan ɗaya ta ɗauke ba sai an bi su ɗaya-ɗaya ba.

Mataki na 6: wuta

Rubuta duk abin da zai ja wuta da wat ɗinsa. Misali: amfilifaya biyu, 2,000. Fitilun LED takwas masu 100, 800. Fanka shida, 600. Majigi, 300. Mikisa da kwamfuta da caja, 300. Jimilla wat 4,000. Ƙara kashi 25 cikin ɗari na ko-ta-kwana, 5,000. Janareta da kVA ake rubuta ƙarfinsa, kuma akan lissafa kVA ɗaya a wat 800. Raba 5,000 da 800, ka samu 6.25. Ke nan janaretan da bai kai kVA 6.5 ba kada ma a ɗauko shi.

Wat 4,000 a bolt 230 ya haura amfiya 17, alhali filogi mai baki uku amfiya 13 yake ɗauka, kusan wat 3,000. Wato jona komai a doguwar waya ɗaya neman gobara ne. Raba layi: sauti daban, fitilu da fanka daban. Wannan yana kuma rage gurnanin da fanka ke sa wa lasifika.

Tsawon waya ma yana cin wuta. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5, idan ta ɗauki amfiya 10, tana zubar da kusan bolt 12 a mita 50, da kusan 23 a mita 100. Mai kaurin murabba'in milimita 4 kusan bolt 9 kawai take zubarwa a mita 100. Idan kuma wayar alminiyom ce da aka yi wa rufin tagulla, irin wadda ta cika kasuwa, asarar ta fi haka da fiye da rabi. Auna tazarar a taswira kafin ka sayi waya.

Janareta ya zauna a bayan dandamali, a sarari, aƙalla mita 6 daga kowace rumfa ko taga, a ɓangaren da iska za ta tafi da hayaƙinsa nesa da mutane. Hayaƙin yana ɗauke da iskar guba mara wari mai kisa. Jarkar mai ta zauna nesa da shi, a kewaye shi yara kada su kusanta, a ajiye tukunyar kashe gobara ko bokitin yashi. Inda waya za ta tsallaka hanya, a binne ta ko a ɗaga ta sama.

Ga wani abu da ya shafi mu 'yan bakin iyaka. Kayan da aka ɗauko haya daga Ƙonni yawanci filoginsu mai baki biyu zagayayyu ne irin na Faransa, namu kuwa mai baki uku ne irin na Ingila. Ƙarfin wutar kusan ɗaya ne, amma ƙaramar mahaɗa mai arha takan yanke layin ƙasa, wanda shi ne ke kare mai riƙe da makirufo daga jan wuta. Rubuta irin filogin kowane kaya a zanen wuta, ka tanadi mahaɗa mai layin ƙasa tun kafin ranar.

Mataki na 7: raba taswirar

Ja layuka a kan taswirar, gida-gida na mita 10, ka sa haruffa a sama da lambobi a gefe. Maimakon "can wajen bishiyar nan", sai a ce "yaro ya faɗi a C2", kowane ɗan agaji ya san inda zai nufa.

Mu masu rubuta manhaja mun san wahalar fayil biyu masu suna ɗaya. Duk gyaran da ka yi, canza lambar siga da kwanan wata a jikin takardar da sunan fayil, ka sanar cewa tsohuwar ta mutu. Mai da ita PDF ka tura ta WhatsApp ga mai rumfa, mai sauti, mai janareta da shugaban 'yan agaji, kowa ya sauke tun a gida. Ranar taro sabis yakan cushe, a bakin iyaka kuma waya takan tsallaka ta kama layin Nijar. Buga kwafi uku ko huɗu, ɗaya a manna a teburin mikisa. Idan za ka je sanar da 'yan sanda ko hakimi, tafi da kwafi. Wanda ya zo da takarda mai nuna ƙofofi da adadin jama'a, ba a yi masa kallon wanda ya zo da baki kawai.

Iyakar wannan aiki ita ce, taswirar waya ba ta maye gurbin injiniya. Dandamali mai tsawo, ko ƙarafan da za a rataya fitilu da lasifika a saman mutane, ko jona wuta daga babban layi, aikin masu sana'ar ne. Taswirarka za ta gaya musu inda abu zai zauna, su kuma su tabbatar ba zai faɗo ba.

Ga matashin da ke neman abin yi, wannan ƙofa ce a buɗe. Masu hayar rumfa da kayan sauti suna da yawa, masu zana musu fili kuwa ba su da yawa. Fara da filin makarantar unguwarku: auna shi, zana shi a 1:200 ko 1:500, lissafa mutum nawa zai ɗauka, sannan ka lissafa mutum nawa ƙofarsa za ta fitar cikin minti 8. Idan lambobin biyu suka sha bamban, ka kai wa kwamitin taron da ke tafe tun kafin su buga katin gayyata.